Tarihin Dannawa: Linzamin Kwamfuta da Sana'ar Masu Danna wa Jama'a a Funtuwa da Malumfashi

Yankin Funtuwa da Malumfashi, tare da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Faskari, ya daɗe da sanin cewa amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya bi ta hannun mai rubutu. Tun zamanin da Turawan mulkin mallaka suka mayar da wannan ƙasa cibiyar noman auduga, ƙungiyar auduga ta Birtaniya, BCGA, ta kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, titin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda kuma ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, manomi ya saba tsayawa gaban malamin sikeli da malamin haraji da mai rubuta wasiƙa da ke zaune a bakin gidan waya ko ƙofar kotu. Da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya kankama a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, lokaci guda da takwarorinsa na Gusau da Gombe, sai takardu suka ƙaru, tafireta ta zauna daram a ofisoshi, masu buga ta suka zama mutanen da ake nema. Magajin waɗannan duka a yau shi ne mai shagon kwamfuta, wanda alƙalaminsa shi ne linzami, wato ƙaramar na'urar da ake ja bisa tebur don motsa kibiyar da ke fuskar kwamfuta, wadda masu shaguna suka fi kira mawus. Mafi yawan abin da ake biyan sa dominsa dannawa ce, kuma dannawar nan da ake gani kamar ƙiftawar ido tana da tarihi mai tsawo da gardama a cikinsa.

Asalin linzami yana komawa ga Douglas Engelbart, injiniya a cibiyar bincike ta Stanford da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda abokin aikinsa Bill English ya ƙera masa samfurin farko a 1964 da ɗan akwatin katako mai ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa, ɗaya na auna tafiya gaba da baya, ɗaya na auna dama da hagu. A ranar 9 ga Disamba, 1968, Engelbart ya nuna wa taron masana a birnin San Faransisko yadda ake zaɓar kalma a fuskar kwamfuta da wannan na'ura, aka kuma ba shi takardar mallakar ƙirƙirar a 1970. Daga nan fasahar ta koma cibiyar bincike ta kamfanin Xerox, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973 mai linzami mai maɓalli uku, sannan Star a 1981, wadda ta kawo siffar tebur da tagogi da ƙananan hotunan da ke wakiltar takardu. Kamfanin Apple ya rage maɓallan zuwa ɗaya, kamar yadda yake a kwamfutar Macintosh ta 1984, Microsoft kuwa ya fito da Windows a 1985, sai dai bai karɓu sosai ba sai da na 1990 ya fito.

Abin da ya canja a wannan tsakani ya wuce sauyin na'ura, domin ya taɓa tambayar wanda ke jan ragamar aiki tsakanin mutum da manhaja. A tsohon tsari, manhaja ce ke tambaya, mutum ya amsa, tambaya ta ɗaya kafin ta biyu, kamar yadda malamin haraji ke bin jerin sunaye daga sama zuwa ƙasa ba tare da tsallake ba. Da linzami ya zo sai lamarin ya juya, mutum ya sami damar taɓa duk inda ya ga dama a duk lokacin da ya so, ita kuwa manhaja ta koma mai jira. Masu tsara manhaja suna kiran kowane abu da mutum ya yi, ko motsa linzami ko danna maɓalli ko sakinsa, da sunan aukuwa, wato ƙaramin rahoto mai ɗauke da irin abin da ya faru da wurin da kibiya take da lokacin faruwarsa. Waɗannan rahotanni suna shiga layi bi da bi, manhaja kuma tana da wani sashe da ba ya komai sai kewaye, ya ɗauki rahoton da ke gaba, ya miƙa shi ga wanda ya dace, ya dawo ya ɗauki na biye. Idan wani aiki mai nauyi ya riƙe wannan kewaye, layin sai ya cunkushe, kuma wannan ne abin da mai shago ke nufi idan ya ce kwamfuta ta daskare: dannawar da ake ta yi ba ɓacewa take ba, tana nan a layi, shi ya sa idan na'urar ta farfaɗo sai tagogi huɗu ko biyar su buɗe a jere.

Dannawa guda ɗaya, idan aka dube ta kusa, aukuwa uku ce a ƙalla. Lokacin da yatsa ya sauka, wani ɗan ƙarfe a cikin linzami yana haɗa wuta, kuma da yake ƙarfen yana ɗan karkarwa kafin ya tsaya, dole na'urar ta yi watsi da karkarwar don kada ta ƙirga dannawa ɗaya a matsayin goma. Linzami na yau da kullum mai igiyar USB yana aika rahoto sau 125 a daƙiƙa. Rahoton farko shi ne saukar maɓalli, na biyu tashinsa, kuma idan saukar da tashin sun faru a kan abu guda sai a haifar da aukuwa ta uku, wadda ita ce dannawa ta haƙiƙa. Idan biyu irinta suka zo kusa da juna, cikin rabin daƙiƙa a tsarin da Windows ke zuwa da shi, ba tare da kibiya ta gusa sosai ba, sai a ƙirga su dannawa biyu, wadda ke da tata ma'anar daban. A nan ne sabon ɗalibi ke shan wuya. Hannun da ya saba riƙe fartanya ko alƙalami yakan damƙi linzami da ƙarfi, ya ɗaga yatsa sama ya sauke shi kamar mai buga hatimi, sai linzamin ya zame kaɗan tsakanin sauka da tashi, kwamfuta kuma ta fahimci abin a matsayin jan kaya daga wani wuri zuwa wani, takarda ta faɗa cikin wata jaka ba tare da ɗalibin ya san inda ta shiga ba. Malaman makarantun koyon kwamfuta sukan ɗora tafinsu bisa hannun ɗalibi, su kwantar masa da tsintsiyar hannu a kan tebur, su nuna masa cewa yatsa ba ya barin maɓalli. Wasan karta na Solitaire, wanda Microsoft ya saka cikin Windows a 1990 domin sabar wa mutane da ja da saki, ya yi wannan aiki a shaguna da ofisoshin ƙananan hukumomi fiye da kowane darasi.

Tambayar da ta fi ɗaure wa masu tsara manhaja kai ita ce ta mallaka: idan an danna, wa aka danna? Abubuwan da ke fuskar kwamfuta a cikin juna suke, domin maɓalli yana cikin layi, layi yana cikin jadawali, jadawali yana cikin fom, fom yana cikin shafi, shafi kuma yana cikin taga, saboda haka yatsa ɗaya ya sauka a kansu duka a lokaci guda. Mutumin kudancin Katsina ba baƙon wannan tsari ba ne, domin gidan da ke wata unguwa a Funtuwa yana ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin Sarkin Maska, wanda shi ne hakimi, hakimi kuma yana ƙarƙashin Sarkin Katsina, kamar yadda ƙasar Malumfashi take a hannun Galadiman Katsina. Abin da ya faru a wannan gida ya faru a unguwar, ya faru a gundumar, ya kuma faru a masarautar. Magana tana da hanyoyi biyu a irin wannan tsari: umarni yana gangarowa daga fada zuwa ƙofar gida, ƙara kuwa tana hawa daga ƙofar gida zuwa fada. Tafiyar aukuwa daga wani mataki zuwa wani ita ce ake kira yaɗuwar aukuwa, kuma shekaru da dama aka yi ana saɓani kan wace hanya ce daga cikin biyun ta dace.

Tsare-tsaren farko sun fi karkata ga hawa. A tsarin tagogi na X, wanda aka fara a cibiyar fasaha ta MIT a 1984, aukuwa tana fara zuwa ga taga mafi ƙanƙanta da kibiya ke kai, idan babu wanda ya nuna yana sauraron irinta a can sai ta wuce ga uwar tagar, haka har ta sami mai karɓa. Manhajar HyperCard, wadda Bill Atkinson ya rubuta wa Apple a 1987, ta bayyana wannan a fili yadda ko wanda ba gwani ba zai gane: saƙon tashin linzami yana zuwa ga maɓalli, in bai da amsa ya wuce ga kati, daga kati zuwa bango, daga bango zuwa tarin katunan baki ɗaya. A waɗannan tsare-tsare biyu, duk wanda ya karɓi saƙo ya kashe maganar ke nan, sai fa idan shi da kansa ya ga dama ya tura ta gaba, wanda ya yi daidai da al'adar sasanci, inda rikicin iyakar gona da mai unguwa ya warware ba ya isa zauren hakimi. Harshen Java ya fara da irin wannan hawa a 1995, amma a 1997 ya sauya zuwa tsarin da kowane abu ke da jerin masu sauraronsa da suka yi rajista, saboda tsohon tsarin yana tara hukunci mai yawa a wuri guda har ya gagari gyara.

Gardamar ta fi zafi a fagen intanet. Brendan Eich ya ƙirƙiri harshen JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, abin da ya ba shafuka damar amsa dannawa da kansu. A 1997 manyan manhajojin shiga intanet biyu suka fito da amsoshi masu karo da juna: Netscape Navigator na 4 ya zaɓi gangarowa, inda taga da shafi ke iya tare aukuwa tun kafin ta isa ga abin da aka danna, Internet Explorer na 4 na Microsoft kuwa ya zaɓi hawa, inda aukuwa ke farawa daga abin da aka danna ta riƙa tasowa kamar kumfa daga ƙasan randa. Mai rubuta shafi ya zama dole ya yi aiki biyu, ɗaya don wannan, ɗaya don wancan. Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta raba gardamar a watan Nuwamba na 2000 ta hanyar haɗa su biyun: aukuwa za ta fara gangarowa daga taga har zuwa abin da aka danna, ta tsaya a kansa, sannan ta juya ta hau ta hanyar da ta biyo, kuma kowane mai sauraro zai faɗa tun wajen rajista ko a gangarowa yake son a sanar da shi ko a hawa. Microsoft bai bi wannan ƙa'ida sosai ba sai a Internet Explorer na 9 a 2011, wato fiye da shekara goma bayan an yanke ta, kuma a cikin wannan tazara ne tarin umarni na jQuery, wanda John Resig ya fitar a 2006, ya yi farin jini domin yana ɓoye bambancin. Waɗannan shekaru su ne daidai lokacin da hukumomin Nijeriya suka fara mayar da rajistarsu intanet, shi ya sa tsofaffin masu shaguna ke tuna zamanin da wani shafi ba ya aiki sai da wata manhaja takamaimai.

A wani muhimmin wuri kwatancen sarauta yana tsayawa, kuma a nan kurakurai da yawa suke ɓuya. A ƙa'idar shafukan intanet, aukuwa ba ta mutuwa don wani ya amsa ta, tana ci gaba da hawa har ƙoli, kowane mataki yana jin ta yana kuma iya yin nasa aikin a kai, tamkar a ce mai unguwa ya yanke hukunci amma dagaci da hakimi su ma kowa ya yanke nasa a kan magana ɗaya. Misali, a jadawalin sunayen manoman wata ƙungiya, mai tsarawa yana iya sa danna layi ya buɗe bayanan manomi, ya kuma sa ɗan maɓallin gogewa a ƙarshen layin. Wanda ya danna maɓallin gogewa zai ga an goge sunan, sannan aukuwar ta hau ga layin, layin kuma ya yi ƙoƙarin buɗe bayanan mutumin da ba ya nan. Maganin shi ne umarnin da ake kira stopPropagation, wanda ke tsayar da aukuwa a inda take. Akwai wani umarnin daban, preventDefault, wanda masu koyo ke yawan rikita shi da na farko, alhali aikinsa shi ne hana abin da manhaja ta saba yi da kanta, kamar aika fom ko bin mahaɗi, ba tare da ya hana aukuwar hawa ba. Yawan tsayar da aukuwa shi ma yana da illa, domin wani sashe na sama yana iya dogara da jin kowace dannawa, misali jerin zaɓi da ke rufe kansa idan an danna wani wuri, kuma idan aka toshe masa labari sai ya tsaya a buɗe.

Hawan yana da amfanin da ya sa aka riƙe shi. Jadawali mai sunaye dubu biyar ba ya buƙatar masu sauraro dubu biyar, mai sauraro ɗaya a kan jadawalin ya isa, domin kowace aukuwa da ta hau tana ɗauke da shaidar inda ta fito, kuma ko an ƙara sabbin sunaye daga baya ba sai an yi musu wani tanadi ba. Ana kiran wannan dabara wakilci, kuma tana rage nauyi ƙwarai a kan tsofaffin kwamfutoci masu ƙaramar ƙwaƙwalwa irin waɗanda suka cika shagunan yankin. Akwai ma wata ƙa'ida da manhajojin shiga intanet na yanzu ke bi, wadda duk wanda ya san shari'ar iyaka zai gane hikimarta: idan maɓallin linzami ya sauka a kan wani abu ya tashi a kan wani, ana kai dannawar ga mafi kusancin uwar da ta haɗa su biyun, kamar yadda rikici tsakanin ƙauyuka biyu ke zuwa gaban hakimin da ke sama da dagatan biyu.

Linzami ya iso Funtuwa da Malumfashi a hankali, ta ofisoshin gwamnati da bankuna da farko, sannan ta shagunan buga takardu da suka riƙa ajiye tafireta suna sayen kwamfutoci na hannu, waɗanda ake kira tokumbo, daga Kano da Kaduna da Legas. Aikin waɗannan shaguna na farko bai shafi intanet ba: katin ɗaurin aure da na suna, takardar yarjejeniyar sayen gona ko fili, tambayoyin jarrabawar makarantu, kalandar ƙungiyoyi, da fastocin 'yan takara bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. Word da CorelDraw su ne jarin mai shago, janareta da injin fotokwafi kuma su ne abokan zamansa. Linzamin wancan zamani yana da ƙwallon roba a cikinsa mai juya ƙananan sanduna biyu, kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina takan naɗe sandunan har kibiya ta riƙa tsalle ko ta ƙi tafiya gefe guda. Kowane yaron shago ya iya juya linzamin, ya murɗe zoben da ke ƙasa, ya fitar da ƙwallon, ya kankare dattin da farce ko tsinken ashana, ya hura, ya mayar. Linzami mai aiki da haske, wanda ya fara yaɗuwa a duniya daga 1999, shi ya kawar da wannan hidima.

Zuwan wayar salula a 2001 da bazuwar intanet bayanta ne suka mayar da dannawa sana'a mai zaman kanta. Hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO da JAMB suka koma duba sakamako da rajista ta intanet da katin da ake kankarewa, sai shagunan da ake kira kafe suka cika da ɗalibai da iyayensu. A farkon 2011 hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta yi rajistar masu zaɓe da na'urori 132,000, kowace da kwamfutar tafi-da-gidanka da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsa, wanda ya kai kwamfuta ƙauyukan da ba su taɓa ganin ta ba. A 2012 shirin rabon taki da iri ta saƙon waya na ministan noma Akinwumi Adesina ya sa sunayen manoma suka shiga rumbun bayanai, a 2014 aka fara lambar BVN ta bankuna, a ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara yawan mutanen da haƙƙinsu ya rataya a kan wani maɓalli da ba su ne za su danna shi ba. Dattijo yakan zauna a benci ya miƙa takardunsa, yaro sa'an jikansa ya ce masa, «Baba, a faɗi ranar haihuwa», shi kuma ya amsa, «Yaro, duba nan cikin katin», ya zuba ido ga hannun da ke kan linzami kamar yadda mahaifinsa ya zuba ido ga hannun malamin sikeli.

A wannan yanayi ne kuskuren mai tsara manhaja ke zama asarar kuɗi. Wanda ya koyi kwamfuta a kan tebur na Windows ya saba cewa ana buɗe abu da dannawa biyu, sai ya kai wannan sabo shafin intanet, inda dannawa ɗaya ta isa. Idan maɓallin na biyan kuɗi ne ko na aika fom, kuma mai tsarawa bai yi tanadi ba, aukuwa biyu za su tashi, buƙata biyu su tafi. Ko wanda ya san ƙa'ida yakan faɗa wannan rami idan sabis ya yi rauni, domin ya danna bai ga alamar komai ba, ya jira, ya sake dannawa, alhali ta farkon tana kan hanya. Maganin sananne ne kuma ba shi da tsada: a kashe maɓallin da zarar an danna shi, a nuna alamar cewa ana aiki, a kuma ba kowace buƙata lamba ta musamman yadda uwar na'ura, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, za ta gane maimaici ta yi watsi da shi. Shafin da aka gwada a ofis mai intanet mai gudu kaɗai ba zai taɓa nuna wannan aibi ba, kuma rashin adalci ne a ɗora laifin a kan mai shago ko manomin da aka cire wa kuɗi sau biyu, tunda gyaran yana hannun wanda ya rubuta manhajar.

Babu inda matsalar hannu da linzami ta fito fili kamar jarrabawar shiga jami'a. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 a matsayin zaɓi tare da ta takarda, a 2015 kuma ta mayar da ita tilas ga kowa a zamanin shugabancin Farfesa Dibu Ojerinde. Ɗalibin da ya fito daga makarantar ƙauye a Ƙafur ko Faskari, wanda wataƙila ya haddace darasin kwamfuta a allo ba tare da ya taɓa na'urar ba, ya sami kansa yana fafutukar saita kibiya a kan 'yar da'irar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, agogo kuma yana tafiya. Jarrabawar da aka shirya don auna sanin lissafi da Turanci ta koma tana auna sabo da linzami, wanda gata ne na ɗan birni. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas na allon rubutu wanda ba ya buƙatar linzami: A da B da C da D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don ta baya, S don miƙa aiki, R don komawa. Ta fuskar fasaha sauyin ƙarami ne, domin mai sauraro ɗaya a saman shafi, mai jiran aukuwar allon rubutu da ke hawowa, ya isa ya yi aikin, wato dabarar wakilci da aka ambata. Ta fuskar ɗalibi kuwa sauyin babba ne, kuma yana cikin 'yan lokutan da aka lanƙwasa manhaja ta bi hannun mutanen ƙasar maimakon a tilasta wa hannun ya bi ta.

Mafi yawan mutanen yankin a yau sun tsallake linzami gaba ɗaya, sun fara da wayar shafa. Sana'ar ma ta bi su, domin shaguna da yawa sun haɗa buga takardu da POS da rajistar layi, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da cinikin masara da dawa da waken suya a kasuwanni irin ta Ɗandume da Bakori ya koma tiransifa. Rufe layukan sadarwa da aka yi a watan Satumba na 2021 a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ya nuna iyakar abin da dannawa ke iya yi ita kaɗai: aukuwa tana gangarowa tana hawa a cikin wayar yadda aka tsara, amma buƙatar ba ta fita, har sai da mutane suka riƙa tafiya wajen yankin don neman sabis.

Duk da haka linzami bai bar wayar ba. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, shafukan intanet na duniya an rubuta su ne don linzami, saboda haka masu ƙera wayoyi suka sa manhaja ta riƙa ƙirƙiro aukuwar linzami ta ƙarya bayan kowace taɓawa. Shekaru da dama wayoyi suna jiran kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa kafin su aika dannawa, don su ga ko mutum zai sake taɓawa da nufin ƙara girman shafi, jinkirin da manhajar Chrome ta cire a 2014 ga shafukan da aka tsara don waya. A 2015 hukumar W3C ta amince da ƙa'idar da ta haɗa linzami da yatsa da alƙalamin allo ƙarƙashin nau'in aukuwa guda, amma tsohon jerin bai gushe ba saboda miliyoyin shafukan da suka dogara da shi. Idan dillalin hatsi ya taɓa maɓalli a wani shafi a wayarsa, manhajar tana rubuta saukar yatsa da tashinsa, sannan ta biyo da motsin linzami da saukar maɓallinsa da tashinsa, ta rufe da dannawa, kowannensu kuma yana gangarowa daga taga zuwa maɓallin ya sake hawa bisa ƙa'idar shekarar 2000.